Benzo[a]pyrene: gubar da ake saye da tsada domin a auna guba

A firjin duk ɗakin gwajin da ke auna gurɓatar abinci da gaske akwai wata 'yar kwalba mai duhun gilashi, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, an narke bakinta an liƙe kamar kwalbar ruwan allura. Ruwan da ke ciki mililita ɗaya ne, garau da shi. In ka ɗaga ta a haske ba abin da za ka gani. Amma a cikin ruwan nan an narkar da maikirogiram 100 na benzo[a]pyrene, sinadarin da Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa ta sa a rukuni na ɗaya, wato jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Da kuɗin waje ake sayo ta, kuma tana zuwa da takardar shaida wadda ta fi kwalbar daraja.

Me ya sa mutum zai kashe kuɗi ya sayo guba ya ajiye? Saboda na'urar awo, komai tsadarta, ba ta san nauyi ba. Kwatance kawai ta iya. Za ta ce maka alamar da wannan kifin ya bayar ta kai rabin alamar da ruwan kwalbar nan ya bayar, daga nan kai ka yi lissafi. Aikin kwalbar daidai yake da na dutsen sikelin mahauci. In dutsen da aka rubuta wa kilo ɗaya ya zaizaye, sikeli zai ci gaba da tsayawa cak a tsakiya, mahauci bai yi niyyar zamba ba, mai saye ya tafi da murna, alhali duk awon ranar ya karkace. A harkar benzo[a]pyrene wannan karkacewar tana iya sa a mayar da kwantenar kifi daga tashar jirgin ruwa, ko kuma a bar abin cutarwa ya shiga tukunyar mutane.

Abin da ake aunawa

Benzo[a]pyrene ɗan gidan sinadaran da ake taƙaita sunansu da PAH ne, waɗanda aka gina da zobban kabon manne da juna kamar saƙar zuma. Shi zobe biyar gare shi: ƙwayar kabon 20, haidirojin 12, nauyinsa 252.3. A zallarsa gari ne mai ɗan rawaya, yana narkewa a kusan digiri 178, sai ya kusa digiri 495 yake tafasa. Ruwa ba ya ɗaukarsa sai 'yan maikirogiram kaɗan a lita, amma mai da kitse suna shanye shi. Ba a ƙera shi don wani amfanin masana'anta. Yana fitowa ne a duk inda itace, gawayi, taba, dizal, taya ko kitse suka ƙone ba su ƙone sarai ba. Kitsen tsire da ke ɗiga kan garwashi ya tada hayaƙi ya koma kan naman, bandar kifi a kan wuta mai ci bal-bal, babbakar ganda da tsohuwar taya, duk hanyoyinsa ne.

Tarihinsa yana da darasi ga mai awo. A 1775 wani likitan fiɗa na Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙin gidaje, waɗanda ke shiga aikin tun suna yara, suna kamuwa da sankarar fatar maraina, ya danganta abin da kunkunniya. A 1915 Yamagiwa da Ichikawa a Japan suka riƙa shafa kwaltar kwal a kunnen zomaye har ƙari ya fito. Sai dai kwalta gauraye ce ta ɗaruruwan sinadarai, ba a san wane ne mai laifin ba. Ayarin Ernest Kennaway a asibitin ciwon daji na Landan suka gano cewa ɓangarorin kwalta masu haddasa cutar suna yin wani irin ƙyalli na musamman in an haska su da hasken ultirabayolet. Da wannan ƙyallin suka bi sawu, suka tace tan biyu na kwalta har suka samu 'yan giram. A 1933 Cook da Hewett da Hieger suka bayyana sunansa. Abin lura shi ne ba su tsaya a kan abin da suka tace ba: sai da suka haɗa sinadarin da hannunsu a ɗakin gwaji, suka jera shi da na kwalta, suka ga sun zo ɗaya. Tun ranar farko, da kwatance aka san shi.

A jiki kuwa, shi kansa ba ya taɓa ƙwayar gado. Hanta da huhu ne ke ƙoƙarin mayar da shi abin da zai bi fitsari ya fita, sai garin gyaran gira a rasa ido. Sinadaran jiki irin su CYP1A1 da CYP1B1 suna saka masa oksijin mataki-mataki har ya zama wani abu da ake kira BPDE, wanda ke maƙalewa a kan harafin guwanin na DNA. In ƙwayar halitta ta zo kwafar kanta sai ta karanta wurin ba daidai ba. A 1996 aka nuna cewa wuraren da BPDE ya fi maƙalewa a ƙwayar gadon p53, mai tsare jiki daga ƙari, su ne wuraren da aka fi samu a lalace a sankarar huhun masu shan taba. Don yana taɓa ƙwayar gado kai tsaye, masana ba sa ware masa wani adadi su ce daga nan zuwa ƙasa babu komai. Dokoki suna matsa shi ne ƙasa iya yadda za a iya.

Ƙanƙantar adadin da doka ke magana a kai

Ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda yanzu ke cikin doka mai lamba 2023/915, ta ce kada benzo[a]pyrene ya wuce maikirogiram 2 a kilo ɗaya na nama ko kifin da aka yi wa banda, haka ma man girki. Kafin watan Satumba na 2014 iyakar banda maikirogiram 5 ce. Abincin jarirai 1 ne. Ruwan sha kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da maikirogiram 0.7 a lita, Amurka ta tsaya a 0.2, Turai ta sauko har 0.01.

A kwatanta maikirogiram 2 a kilo: miligiram 2 ke nan a tan guda, wato kusan kashi ɗaya bisa goma na ƙwayar shinkafa ɗaya a cikin buhu goma masu kilo ɗari-ɗari. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam bai sani ba. Kifin da ya yi baƙi ƙirin zai iya fin wanda ya yi ja ɗaukar sinadarin, amma launi ba hujja ba ne a gaban jami'in tashar jirgi.

A da shi kaɗai ake nema a matsayin wakilin danginsa. A 2008 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce wakilcin nasa bai isa ba, domin ana samun abincin da babu shi amma 'yan uwansa masu haɗari suna nan, musamman chrysene. Daga nan aka koma auna guda huɗu tare: benzo[a]pyrene, benz[a]anthracene, benzo[b]fluoranthene da chrysene. Jimlarsu kada ta wuce maikirogiram 12 a kilon banda, 10 a man girki. Dokar ta kuma gindaya wa ɗakin gwajin sharaɗi: ya iya hango 0.30 a kilo, ya iya auna 0.90 da tabbaci, kuma abin da yake ƙwatowa daga samfuri ya kasance tsakanin kashi 50 zuwa 120. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da nata jerin na guda 16 tun shekarun 1970, wanda aka yi domin ruwa da ƙasa. Da yawa daga masu bincike suna sayo gaurayen 16 ɗin nan su auna abinci da shi, su tara jimla su kwatanta da iyakar Turai. Wannan kuskure ne: cikin 16 ɗin akwai marasa nauyi irin su naphthalene da phenanthrene masu yawa a kowane hayaƙi, waɗanda iyakar 12 ba ta shafa ba.

Takardar da ke biye da kwalba

Kafin a fasa kwalba a karanta takardarta. Abu na farko lambar rajistar sinadari: ta benzo[a]pyrene 50-32-8 ce. Suna yana ruɗarwa, domin tsofaffin rubuce-rubuce suna kiransa 3,4-benzpyrene, kuma yana da ɗan uwa, benzo[e]pyrene, mai lamba 192-97-2, wanda harafi ɗaya ya raba su a suna amma IARC ba ta sa shi cikin masu haddasa cutar ba. Na biyu, adadin da aka tabbatar da ratar shakkunsa, misali 100.2 da ragi ko ƙari na 1.0. Takardar da ta ba da adadi babu ratar shakku rasit ce kawai. Na uku, ruwan da aka narkar da shi: asitonaitiril ya dace da HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai cikin ruwa mai gudana, toluwin ko saikulohekzen sun fi dacewa da GC, wadda ke rarrabe su cikin iska mai gudana. Na huɗu, ranar ƙarewa da yanayin ajiya, kuma a sani ranar ta kwalbar da ba a fasa ba ce. Na biyar, shaidar cewa kamfanin da ya haɗa shi yana aiki bisa ƙa'idar ISO 17034, kuma awonsa yana komawa ga wata cibiya ta asali. Cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, tana da ma'auni mai lamba SRM 1647, gaurayen 16 a asitonaitiril, da SRM 2260a a toluwin. Cibiyar binciken Tarayyar Turai da ke Geel a Beljiyam ita ma tana fitar da nata.

Ana sayar da shi a gari, ana sayar da shi a narke. Gari ya fi araha in an lissafa da miligiram, shi ya sa yake jan hankalin ɗakin gwajin da kuɗi suka yi wa ƙaranci. Ra'ayina a nan a fili yake: in ba ka da sikeli mai lamba biyar bayan ɗigo da akwatin zuƙe iska mai aiki, sayi narkakke. Miligiram 10 na garin nan ya isa ya kai tan biyar na kifi iyakar doka. Ɗan burbushin da ya tashi ya sauka a benci zai iya ɓata gwaje-gwajen watanni, ban da wanda ya shiga hancin mai awo. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, garin yakan yi tsalle daga cokali ya manne a jikin kwalba da safar hannu.

Wanda dole ta sa shi aunawa, ga lissafin. Sikeli mai lamba huɗu yana iya kuskuren miligiram 0.1, kashi ɗaya cikin ɗari ke nan a kan miligiram 10, tun ba a fara komai ba. A auna a cikin ƙaramar kwalbar da za a narkar da shi, kada a juye garin daga takarda. A fara narkar da shi da toluwin, domin a metanol ko asitonaitiril yana da taurin kai, ƙananan ƙwayoyi sukan kwanta a gindi ido bai gani ba. Sannan a gyara lissafi da tsarkin da takarda ta nuna: miligiram 10.00 mai tsarkin kashi 98.5 a mililita 100 yana ba da maikirogiram 98.5 a mililita, ba 100 ba.

Daga kwalba zuwa layin daidaito

A ce an sayo mai maikirogiram 100 a mililita. A fito da ita daga firji a bar ta ta dawo zafin ɗaki, a girgiza, in akwai kwanon girgiza na sauti a sa ta minti biyar. Dalili shi ne sanyi yana sa manyan PAH su fita daga ruwa su kwanta a jikin gilashi, saikulohekzen ma daskarewa yake yi a digiri shida da rabi. Wanda ya zuƙa da sanyinta ya ɗebi ruwan da bai cika ba. A ƙwanƙwasa wuyan ruwan sama ya sauko, a fasa cikin akwatin zuƙe iska, a zuƙi maikirolita 500 da sirinjin gilashi a zuba a kwalbar awo ta mililita 50, a cika zuwa layi. An samu nanogiram 1,000 a mililita. Ragowar a juye nan take cikin 'yar kwalba mai duhu, mai murfin da aka shimfiɗa wa teflon.

Daga wannan ake haɗa matakan daidaito, wato ruwaye masu sanannen kauri da ake zana layin kwatance da su, misali 2, 5, 10, 20, 50 da 100 na nanogiram a mililita. Ba da ka ake zaɓar lambobin ba. In an ɗauki giram 5 na kifi mai maikirogiram 2 a kilo, nanogiram 10 ne ke ciki. In aka tattara su a rabin mililita a ƙarshe, za a karanta 20. Sharaɗin 0.90 kuma zai faɗo a kan 9. Ke nan iyakar doka ta zauna a tsakiyar layi, akwai matakai a ƙasa da ita da sama da ita. Samfurin da ya zarce 100, kuma bandar gargajiya takan zarce nesa ba kusa ba, a tsarma shi a sake allura. Jan layi zuwa inda ba a gwada ba zato ne.

Akwai lambar da ɗalibai ke alfahari da ita, 0.999 ta miƙewar layi. Manyan matakai ne ke jan ta, tana iya yin kyau alhali mataki na 2 da na 5 sun kauce da kashi 40. A mayar da kowane mataki cikin lissafin layin a ga nawa ya bayar. In na ƙasa suna kaucewa da fiye da kashi 20, a ba su nauyi a lissafin, ko a sake haɗawa.

Yanzu abubuwan da ke cin dutsen awo, kuma a nan ne ya kamata a daɗe.

Haske shi ne na gaba. Cikin 'yan uwansa benzo[a]pyrene yana daga masu saurin lalacewa: haske da iskar oksijin suna mayar da shi wasu sinadarai da ake kira kwinon, waɗanda na'ura ba za ta ƙirga a matsayinsa ba. Kwalba fara a gefen taga, ko a ƙarƙashin fitilar ɗaki yini guda, ta isa. In ma'auni ya ragu da kashi 10 kuma ana lissafi da adadin da ke rubuce, duk samfuri zai fito sama da gaskiyarsa da kusan kashi 11. Maganin yana da arha: kwalba mai duhu, ko a naɗe da takardar alminiyam. Alamar da ke tona asiri ita ce a riƙa duba tsayin alamar benzo[a]pyrene a kan na benzo[e]pyrene ko benzo[k]fluoranthene a gauraye ɗaya. Su sun fi juriya, don haka in nasa yana raguwa wata bayan wata, haske ko iska sun shiga.

Tsanewar ruwa ita ce kishiyarsa. Duk buɗe murfi ruwan narkarwa yana tashi, sinadarin yana zama, ma'auni yana ƙara kauri. Wannan dutse ne da ya tara laka: samfuri zai fito ƙasa da gaskiyarsa, gurɓataccen abinci ya tsallake. A ɗakin gwajin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zafi yana kaiwa inda daikuloromiten, wani ruwan narkarwa, ke tafasa, wato digiri 40. Firjin da ke mutuwa yana tashi sau uku a yini shi ma yana sa murfi ya riƙa numfashi. Dabarar da ta fi kowacce ita ce awon kwalba: a auna ta da murfinta bayan kowane amfani a rubuta, a sake aunawa kafin amfani na gaba. In ta yi asarar fiye da kashi ɗaya na nauyin ruwan da ke ciki, a zubar da ita cikin shara mai guba. Kuma a raba babban ruwa cikin ƙananan kwalabe cike taf, a riƙa buɗe ɗaya-ɗaya.

Zafi yana da wata illar da ba a cika kula da ita ba. Kwalaben awo a digiri 20 aka daidaita su. Toluwin yana kumbura da kusan kashi 0.11 cikin ɗari a kowane digiri, asitonaitiril kusan 0.14. Wanda ya cika kwalba zuwa layi a digiri 35 ya zuba ruwan da in ya huce zuwa 20 zai ragu da kashi ɗaya da rabi zuwa biyu. Shi ya sa manyan ɗakunan gwaji suke haɗa ma'auni da sikeli, nauyi bisa nauyi, domin giram ba ya kumbura.

Sai roba. Sinadarin nan yana son roba kamar yadda yake son kitse, yana shigewa jikinta. Kada a ajiye shi a kwalbar roba, kuma kada a tsarma shi a ruwan da ruwan sha ya yi wa yawa, domin zai gudu ya manne a bango, ko da na gilashi ne.

A ɗaya gefen akwai wanda ke shigowa ba a gayyace shi ba. Hayaƙin janaretan dizal da ke bayan taga, sharar da ake ƙonawa a harabar makaranta, hannun mai shan taba, duk suna ɗauke da shi. Don haka kowane zagayen aiki yana buƙatar gwajin fanko: a bi duk matakai babu kifi. Kayan gilashi, ban da kwalaben awo da zafi ke ɓatawa, a gasa su a digiri 400 zuwa 450 na 'yan sa'o'i, a rufe da alminiyam.

'Yan shida masu nauyi ɗaya

Ko ma'auni ya yi kyau, saura tabbatar da cewa tudun da aka gani a allon kwamfuta nasa ne. Na'urar GC-MS, wato GC da aka haɗa da na'urar nauyi, tana gane sinadari da nauyinsa, to amma masu nauyin 252 da aka saba haɗuwa da su shida ne: benzo[b]fluoranthene, da na [j], da na [k], sai benzo[e]pyrene, benzo[a]pyrene da perylene. Adadin ƙwayoyinsu ɗaya, siffa ce ta bambanta, kuma na'urar nauyi ba ta ganin siffa. Bututun rarrabewa ne kaɗai ke raba su ta lokacin fitowa. A bututun gama-gari mai kashi 5 na fenil, benzo[e]pyrene yana fitowa gab da benzo[a]pyrene, perylene na biye. Wanda ya sayi ma'aunin benzo[a]pyrene shi kaɗai, ko gaurayen 16 na Amurka wanda babu na [e] a ciki, yana iya yi wa rogo kallon kitse in lokacin fitowa ya ɗan gusa. A wannan bututun kuma na [j] yakan shige cikin na [b] ko na [k], triphenylene ya hau kan chrysene, jimlar huɗun nan ta kumbura. Ana buƙatar bututu mai kashi 50 na fenil ko wanda aka ƙera musamman domin PAH, da gaurayen gwaji mai ɗauke da masu kutsen, a gani da ido cewa an raba su. Manyan PAH suna kuma son zafi: bakin allura da wurin fasa ƙwayoyi su kai wajen digiri 300, in ba haka ba tudu ya yi jela, ƙananan matakai su ɓace.

A HPLC ana amfani da ƙyallin nan da ayarin Kennaway suka bi: a haska da tsawon zango wajen nanomita 290, a karanta tsakanin 400 da 430. Hanya ce mai kaifin gani, kuma ta fi GC-MS sauƙin riƙewa. Sharaɗinta a cire iska daga ruwan da ke gudana, domin oksijin yana dusashe ƙyalli, a kuma riƙe zafin bututu wuri guda da tanda, don jerin fitowar sinadaran yana sauyawa da zafi.

Ɗan rakiya

Fitar da nanogiram 10 daga giram 5 na kifi mai maiƙo doguwar tafiya ce: a niƙa ɓangaren da ake ci har ya zama ɗaya, da fatar in da ita ake ci, a dafa da potasiyam haidiroksaid a metanol kitse ya koma sabulu, a ja sinadarin da saikulohekzen, a wanke, a tace ta silika, a rage ruwan da iskar naitirojin. A kowane zango ana asara. Mafi muni shi ne a bar shi ya bushe ƙarƙaf a matakin ƙarshe. A sa ɗigon toluwin ya riƙe shi.

Don a san asarar ake sa ɗan rakiya: benzo[a]pyrene ɗin da aka canza wa haidirojin 12 da mai nauyi, ya koma 264, ko aka sa masa kabon-13 guda huɗu, ya koma 256. Halinsa ɗaya da na asali, amma na'urar nauyi tana bambanta su. A zuba nanogiram 10 nasa a kan kifin tun kafin a fara komai, a bar shi ya shiga. In rabinsa ya ɓata a hanya, rabin na kifin ma ya ɓata, rabon da ke tsakaninsu bai canza ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shi a ƙarshe gab da allura. A lokacin bai raka kowa ba, bai ga hanyar ba.

Sai dai ɗan rakiya ba ya gyara ruɓaɓɓen ma'auni. In babban ruwan ya riga ya lalace ko ya tsane kafin a haɗa matakai, kuskuren zai wuce ta cikinsa lafiya lau. Abin da ke kama wannan shi ne ma'auni na biyu daga wani kamfani ko wani rukunin haɗi dabam, a auna shi kamar baƙon samfuri. In ya kauce da fiye da kashi 10 a tsaya a bincika. Bayan haka sai shiga gwajin ƙwarewa, irin wanda FAPAS ta Ingila ke shiryawa, inda ake aika wa ɗakunan gwaji da dama samfuri ɗaya a ga wanda ya kauce. Ƙa'idar ISO/IEC 17025 tana neman irin wannan shaida, kuma ita mai sayen kaya a waje yake dubawa.

Kariyar mai aiki ba ta da tsawo amma ba a sassauta ta. Akwatin zuƙe iska, tabarau, safar naitiril biyu, a canza da zarar ruwa ya taɓa, domin daikuloromiten yana ratsa ta cikin ɗan lokaci ya shiga da gubar ta fata. Mai juna biyu ta nisanci garin, don an sa shi cikin masu cutar da ɗan tayi. Bayan aiki a kashe fitila a haska benci da tocilan ultirabayolet mai nanomita 365: inda ya zuba zai yi ƙyalli shuɗi. Ragowar ruwa da fasassun kwalabe a tara su a rufaffen mazubi domin ƙonawa a tanderu mai tsananin zafi. Zuba shi a kwata ko jefa shi a bola mayar da shi ne inda aka fito.

Ga yadda duk wannan ke ƙarewa a kan takarda. Ƙa'idar Turai ba ta kayar da kaya sai sakamako ya wuce iyaka bayan an cire ratar shakku. Bandar tarwaɗa ta ba da 2.4, ratar shakkun ɗakin gwajin 0.5: an cire, saura 1.9, kaya sun tsallake. A ce ma'aunin ɗakin ya sha haske ya ragu da kashi 10 ba a sani ba. Kifin nan dai zai karanta 2.7, a cire 0.5, saura 2.2, a rubuta masa ya faɗi. A juya kuma: kifin da gaskiyarsa 2.8 ce, wanda ya kamata a tare, in ma'auni ya tsane ya yi kauri da kashi 15 zai karanta 2.4, a buga masa hatimi ya shiga kasuwa.